Motar da Ba a Turawa

Ran nan da la'asar sakaliya na fito daga Babbar Kasuwar Kaduna, wadda hukuma ta sa wa sunan Sheikh Abubakar Gumi don tunawa da malamin da ya rasu a 1992, ko da yake har gobe bakin tsofaffin gari bai saki sunanta na da ba, ina tsaye a gefen titin Ibrahim Taiwo ina jiran yaron da ya ɗauko mini kaya, sai idona ya faɗa kan wani bawan Allah mai kimanin shekara arba'in, cikin shadda mai sitaci, yana zaune a motarsa yana ta murɗa makulli, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu da shi. Kafin a jima 'yan dako uku suka ajiye baro suka dafa bayanta, babbansu, wani dattijo mai furfura da gammo a kafaɗa, ya leƙa ta taga ya ce, "Alhaji, sa mata giya ta biyu mu tura." Mai motar ya girgiza kai ya ce, "Baba, ai wannan ba a tura ta, otomatik ce." Dattijon ya janye hannunsa a hankali, ya goge a gefen riga, kamar wanda ya miƙa hannu a gaisa aka ƙyale shi, shi kuma mai motar ya zaro waya ya shiga neman bakanikensa.

Abin bai kai a ba da labari ba, amma sai ya tsaya mini a rai, har na shiga lissafin yaushe rabona da in ji an ɗaga murya a bakin kasuwar nan ana cewa jama'a a taimaka a tura. Ba na cewa turin mota ya ƙare ƙaƙaf, domin tsofaffin akori-kura masu ɗaukar tumatir da albasa a Bakin Dogo suna nan suna shan turi kullum safiya, haka ma waɗansu motocin haya da tsufa ya ci ƙarfinsu. Amma a motocin gida, na 'yan kasuwa da ma'aikata, al'adar ta janye jiki ba tare da kowa ya yi mata ban kwana ba, ta kuma tafi da waɗansu 'yan'uwanta, kamar neman gangare kafin a ajiye mota, da dutsen da ake tokare taya da shi, da juyar da hancin mota ya fuskanci hanya tun da dare saboda abin da safiya za ta zo da shi.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa da rahama, yana da rumfar atamfa a cikin kasuwar nan, kuma a wancan zamani mafi yawan hajarsa daga masaƙun Kakuri take fitowa, a hayin kogi, inda aka buɗe masaƙa ta farko tun 1957. A Kakurin nan dai kamfanin Peugeot, watau Fijo, ya fara harhaɗa motoci a 1975, ana ɗauko sassansu a jirgin sama daga Liyon ta ƙasar Faransa a sauke a Kano, sa'an nan a biyo da su ta hanya zuwa Kaduna. Fijo 504 ta zama motar gwamnati, ta zama motar haya tsakanin Kawo da Kano, ta zama burin duk ɗan kasuwar da Allah ya buɗa masa, har ma bayan Faransa ta daina ƙera irinta aka ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna zuwa tsakiyar shekarun 2000. Kawu ya sayi tasa fara sol gab da ƙarshen shekarun 1970, yakan kuma faɗa da 'yar alfaharinsa cewa atamfar Kakuri ce ta saya masa motar Kakuri, kwabo bai tsallaka teku ba, alhali kuwa rabin kuɗin can ya tafi, amma ba wanda ya taɓa yi masa gyara.

Lokacin da aka kai ni rumfarsa koyon ciniki, a farkon shekarun 1990, motar ta haura shekara goma sha biyu, kuma tun faɗuwar darajar naira da ta biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sabuwar mota ta gagari irin su Kawu, saboda haka kowa ya rungumi tsohuwarsa yana lallaɓawa. A nan ne ta ɗauko wata larura wadda ta fi mutuwa gaba ɗaya ban haushi. Motar da ta mutu murus mai gaskiya ce, ta bayyana halinta, a ja ta zuwa gareji a bincika har a kai ga illar. Wannan kuwa sai ta yi kwana goma tana tashi da murɗa ɗaya, har mutum ya saki jiki ya yi hamdala, rana ta goma sha ɗaya, an rufe rumfa, magariba ta kawo kai, a murɗa makulli ta ce ƙas, ta yi shiru. A sake murɗawa, ƙas. A fita a buɗe bonet a dudduba abin da ba a sani ba, a rufe, a dawo a murɗa, wani lokaci sai ta tashi garau kamar ba ita ba. Kawu, wanda yake ɗaukar karatun fiƙihu a zaure bayan isha'i, ya sa mata suna munafuka, domin ta cika sharuɗɗan: ta yi alkawari da safe ta saɓa da yamma, kuma duk ranar da aka kai ta gaban bakanike sai ta nuna halin salihai.

In ta ƙi, sai turi. Ina iya tuna zafin ƙarfen but a tafin hannu bayan ya wuni a rana, da warin hayaƙin da ke bugun fuska sa'ad da injin ya kama, da yadda mutum kan yi taga-taga ya kusa kifawa don motar ta suɓuce daga hannunsa. Turi yana da ilminsa. Direba ya kunna makulli, ya taka kuloci, ya sa giya ta biyu, domin ta ɗaya fizga gare ta, masu turi su kwasa da gudu har sai ta yi nauyin tafiya, wani ya yi ihu ya ce saki, ya saki kulocin, motar ta yi tari biyu ta kama. Ba a tsayawa godiya don kada ta sake mutuwa, sai dai Kawu ya fito da hannu ta taga yana cewa Allah ya saka da alheri, ni kuma in bi ta da gudu in faɗa ciki. 'Yan dako, da masu tura ruwa, da almajirai, da maƙwabcinmu mai rumfar takalma wanda ba sa ga maciji da Kawu saboda wata tsohuwar rigimar iyaka, duk sun tura motar nan, ba kuma wanda ya taɓa neman ko sisi. Sai dai kada daɗin tunawa ya sa in ɓoye kunyar da ke ciki, gama na ga ranar da ta ƙi tashi a ƙofar gidan surukansa bayan ɗaurin aure, manyan mutane da manyan riguna suka naɗe hannu suna turi, Kawu yana gumi a bayan sitiyari, bai yi magana da kowa ba har muka isa gida.

Kafin a kai ga mai magani an sha hannun masu gwaji. Na farko ya ce batir ne, aka sayi sabo, ta yi mako biyu lafiya ta koma. Na biyu ya ce kik ne, watau injin lantarkin nan da ke juya babban injin kafin ya kama, aka kwance shi aka canza masa burushi, ta yi kwana tara. Na uku ya canza koyil, wanda ko kusa ba shi da hannu a lamarin, kamar yadda za a gani. Kowannensu ya rantse ya gano ciwon, kuma kowannensu motar ta gaskata shi na ɗan lokaci, domin larura mai zuwa da komawa takan ba kowane maƙaryaci shaidar zur: duk abin da aka taɓa, in ta tashi bayansa, sai a ce shi ne. A cikin gida kuwa mata suka yanke cewa bakin mutane ne, aka kawo laya aka rataya a madubi. Kawu bai yarda da wannan fassara ba, amma bai cire layar ba, ya kuma ƙara da sadakar ƙosai ranar Juma'a.

Daga ƙarshe wani direban Kawo ya kwatanta masa wani dattijon bakanike a wajen Ori Apata, unguwar masu kayan gyaran mota, wanda ya koyi aiki a hannun Yarabawa tun zamanin da ake tayar da manyan motocin Bedford da handul. Garejinsa gindin dalbejiya ne kawai da benci da akwatin ƙarfe, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai, iska tana kawo warin fetur da na gasasshiyar masara. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bai buɗe bonet ba. Ya sa aka kawo wa Kawu benci, ya zauna kusa da shi, ya shiga yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar alƙalin da ke sauraron da'awa. "Alhaji, in ta ƙi, injin yana juyawa ya ƙi kamawa, ko ko ba ya juyawa sam? In ba ya juyawa, shiru take yi, ko tana cewa ƙas? Ƙas ɗaya, ko ƙas-ƙas-ƙas a jere? Da sanyin safiya ta fi yi, ko bayan an yi tafiya? Rannan da ta ƙi, an yi ruwa? A kan kwalta aka ajiye ta ko an hau da ita kan dakali?" Kawu kuwa ya amsa kusan duka ba tare da inda-inda ba, domin shekara goma sha biyu yana zaune da motar nan taga a buɗe, ya san muryarta kamar yadda ya san takun iyalinsa a tsakar gida.

Daga baya, da na riƙa kai masa motar ni kaɗai, na fahimci cewa tambayoyin nan tsari gare su, kuma tambaya ta farko ita ce take raba shari'ar gida biyu. In injin yana juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, to batir da kik sun kuɓuta, sai a koma kan wuta da mai: a zare wayar filogi a kusantar da ita jikin injin a ga ko za ta yi tartsatsi shuɗi mai ƙara, a sansana kafireto a ji ko mai ya iso, ko kuwa ya yi yawa har ya shaƙe ta. In kuwa ba ya juyawa, ba ruwan koyil, ba ruwan filogi, ba ruwan kafireto, magana tana tsakanin batir da kik da wayoyin da ke haɗa su. A nan yakan sa a kunna manyan fitilu a murɗa makulli yana kallo. In hasken ya dushe ya kusa mutuwa, ko batir ya yi rauni, ko kan batir ya yi farin gari irin na tsatsa, ko kik ya cije. In hasken bai ko motsa ba, wuta ba ta kai ga kik ɗin ba ke nan, sai a bi ta daga makulli zuwa ɗan makunnin da ke bisa kik ɗin. Ba shi da na'urar awo ko ɗaya sai ƙwan fitila da ya ɗaura wa waya biyu, amma da wannan ƙwai da fitilun motar kanta yakan kore rabin waɗanda ake tuhuma kafin ya ɗauki sifana.

Har lokutan shekara yana sa su a lissafi. Da damina, in an kwana ana ruwa, ya san raɓa takan shiga murfin distiributa, musamman in ya yi 'yar tsaga wadda ido ba ya gani, wuta ta bi danshi ta ɓace, da rana ta fito ta bushe motar ta tashi, mai ita ya ce ikon Allah. Da hunturu mai yakan ƙi tashi ya gauraya da iska, batir mai rauni ya tona asirin kansa, ƙura kuma ta toshe 'yan ƙofofin kafireto. Da bazara, sa'ad da kwaltar Ahmadu Bello Way ke yin laushi a ƙarƙashin takalmi, fetur yakan tafasa a cikin bututu bayan an kashe injin, famfo ya yi ta jan tururi, ko kuwa tsohon koyil ya ɗau zafi ya daina ba da wuta sai ya huce. Tazarar kwantak, wadda ba ta kai rabin milimita ba, da kwalin ashana yake auna ta, kuma ban taɓa ganin ya kuskure ba.

Motar Kawu ta kwana uku a gindin dalbejiyar nan, ana tayar da ita safe da rana da yamma, ba ta ƙi ko sau ɗaya ba. Kawu ya ƙosa, ya ce, "Malam, ko dai a canza kik ɗin gaba ɗaya mu huta?" Dattijon ya ce, "Alhaji, kuɗinka ne, in ka ce a canza sai a canza. Amma ni ban kama shi da laifi ba, kuma ba na son in yanke hukunci da zato." Sa'an nan ya juyo gare ni, ina raɓe a gefe riƙe da jakar Kawu, ya ce, "Kai samari, kai ne kake zama a gaba. Ranar da take ƙi, ba abin da kake ji ko kake gani?" Na ji kunya, don ba a saba tambayar yaro a gaban manya ba, amma na ce ina jin wani ɗan wari kamar na roba ta ƙone, yana fitowa ta wajen ƙafar direba, in an daɗe ana murɗa makulli. Ya yi shiru. Ya tambayi Kawu ko totur ya yi masa tauri a 'yan watannin nan, Kawu ya ce ƙwarai kuwa, har yana shirin sa a zuba masa mai.

Dattijon ya tashi, ya buɗe bonet, ya shafa wayar totur ya ga rigarta ta narke ta ƙanƙance, sa'an nan ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar, can sai ga shi ya fito da wata kitsattsiyar wayar tagulla wadda ba ta fi taƙi ɗaya ba, ta yi kore, rabin silinta ya tsinke, notin da ke riƙe da ita kuma ya kwance. Ita ce ke haɗa injin da gangar jikin mota, ta nan wutar da kik ya sha take komawa batir, wuta kuwa mai yawa, amfiya ɗari da wani abu ko fiye. Robobin da injin ke zaune a kansu sun tsufa, saboda haka yakan ɗan gusa gwargwadon inda aka ajiye motar. In ya zauna daidai wayar ta taɓa, motar ta tashi, in ya karkata ta saki, wutar ta rasa hanya ta bi ta siririyar wayar totur, ta ƙona ta, ba ta kuma isa ta juya injin ba. Shi ya sa turi yake tayar da ita, domin turi ba ya bukatar kik, shi ya sa kuma duk wanda ya jijjiga injin da sunan gyara yakan samu lada na mako biyu. Laifin tsufa ne da sakacin wani da ya taɓa sauke giya bai ɗaure noti ba. Kuɗin wayar bai kai na kwanon tuwo biyu ba, kuma da Kawu ya zo biyan ladan aiki dattijon ya ce a ba yaro wani abu a ciki, shi ne ya kawo shaida.

To, in na tsaya a nan na zalunci gaskiya, domin mutum ɗaya ne irin wannan a cikin ashirin, sauran kuwa su ne waɗanda suka sayar wa Kawu batir da koyil. Zamanin kafireto zamanin wahala ne, kowa ya ce ba haka ba ya manta ne. Kwantak yana son gyara duk bayan 'yan watanni, filogi yana yin baƙi, safiyar hunturu sai an yi ta ba mota haƙuri kafin yara su makara makaranta. Na ga yaran gareji, waɗansu ba su kai shekara goma sha biyu ba, suna zuƙo fetur da baki ta tiyo suna fesawa a kafireto, a lokacin da fetur ɗin ma yake ɗauke da dalma, na kuma ga motar da ta kama wuta ƙurmus a kusa da kasuwa saboda an tsiyaya mata mai a maƙogwaro ana murɗa makulli. Ilmin nan da nake yabo a ƙirjin mutum ɗaya yake, ba a rubuce ba, yaransa sukan shekara biyar suna wankin noti kafin ya buɗa musu kaɗan, kuma ranar da aka kai shi makwancinsa an tafi da mafi yawansa.

Motocin da suka maye gurbin Fijo ta Kwatano suka riƙa shigowa, na hannu daga Turai da Amurka, har gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa daga farkon 2017, da yawansu kuma otomatik ne, masu injekta a madadin kafireto, da ƙaramar kwamfuta wadda ke auna iska da zafi da juyin injin ta raba mai daidai da bukata. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa kowace sabuwar mota wata 'yar kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake soka na'ura a karanta abin da kwamfutar ta rubuta na laifi, Turai ta bi sahu a 2001. Amfanin wannan ba ya musantuwa. Mota takan shekara uku tana tashi da murɗa ɗaya, damina da hunturu, ba cok ba lallashi, matar aure ta kai 'ya'yanta makaranta ba ta tunanin wanda zai tura ta, kuma saurayin da ya iya karatu, da na'urar da ba ta fi tafin hannu ba da wayarsa, yakan gano cikin minti biyar abin da a da sai an kwana uku a gindin bishiya.

Sai dai na'urar shaida ce, ba ta kai alƙali ba, kuma shaida ba ya faɗin abin da bai halarta ba. Kwamfutar mota tana ganin abin da aka ba ta ido a kansa kaɗai. Ba ta ganin kan batir da ya saki, ba ta ganin kitsattsiyar waya da ta ruɓe, sau da yawa ma abin da ke lura da juyin injin yakan ɗauke in ya yi zafi ya dawo in ya huce ba tare da ya bar rubutu ba. In kuma ta yi rubutun, cewa take yi ba ta ji daga wuri kaza ba, ba ta ce wurin ne ya lalace ba, mai yiwuwa waya ce ɓera ya ci a hanya. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne: sai ka ga an karanta lamba, an aika kasuwa an sayo sensa, an ɗaura, ta yi mako biyu ta koma, an sake karanta wata lambar. Masu sayar wa Kawu koyil ba su mutu ba, na'ura suka saya.

Bara waccan tawa motar ta ɗauko irin halin ta Kawu, sai dai ita injin yana juyawa ya ƙi kamawa, kuma ba ta da ranar yi. Aka sa mata kwamfuta sau biyu, aka ce lafiyarta ƙalau. Aka haɗa ni da wani matashi, ɗan makarantar koyon sana'a, mai na'ura a jaka da abin awon wuta, na zaci zai soka ya karanta kamar sauran. Ya auna batir ya samu bolt 12.6 a zaune, sama da 14 in injin yana aiki, ya ce wannan ba ruwansa. Sa'an nan ya jingina da motar ya ce, "Baba, in ta ƙi, kafin ka murɗa gaba ɗaya, kana jin ɗan kukan famfon mai daga baya, kamar na daƙiƙa biyu? Allurar juyin injin tana ɗan motsi in kana murɗawa? Fitilar makulli tana ƙiftawa? A rana take yi ko a inuwa?" Na tsaya ina kallonsa, gama muryar dattijon Ori Apata nake ji a bakin yaron da ba a haifa ba lokacin da aka binne shi. Kuma ban iya amsa ko ɗaya ba. Shekara shida ina tuƙa motar nan gilas a rufe, sanyi a kunne, rediyo yana magana, waya tana ƙara, ban taɓa sanin famfon mai yana kuka ba.

Bai yi mini dariya ba. Ya ce duk ranar da ta ƙi kada in taɓa komai, in ɗauki hoton allon gaba da sautin da waya in aika masa ta WhatsApp, in kuma kira shi ko tsakar dare ne. Aka yi mako uku, ta ƙi a filin masallaci bayan Juma'a, ta wuni cikin rana. Ya zo a kan babur, ya sa kunne a wajen tanki ya ji shiru, ya buɗe akwatin fiyus ya zare wani ɗan makunni da ake kira rile, bai fi babban yatsa ba, ya musanya shi da na ham, wanda yake irinsa sak. Motar ta tashi, ham ya mutu. Na yi murna, amma a hanyar gida na yi ta tunanin cewa wannan aiki da Kawu ne da ya taƙaita shi tun ranar farko, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na zama baƙo a ɗakina. Ban ɗora wa kaina laifin duka ba. An ƙera motocin nan ne don kada a ji su, an rufe injin da murfin roba, an toshe ƙara, an ɗauke wa mai mota nauyin sani, wannan kuwa rahama ce a kwana dubu, sai a rana ta dubu da ɗaya take zama jahilci. Ban kuma tabbata zan yarda in koma safiyar hunturu da cok da turi don in sake sanin muryar mota ba.

Ina cikin wannan tunani a bakin kasuwa har yaron kayana ya iso ban lura ba. Rumfuna sun fara rufewa, masu lemo da masu tsire suna kunna fitilu, sai ga bakaniken mutumin nan ya sauka daga Keke, saurayi ne da jaka a kafaɗa. Bai ciro na'urarsa ba tukuna, ya sunkuya ta taga ya ce, "Yallaɓai, da ka murɗa, juyawa take yi ko shiru?" Mai shadda ya ɗan yi jim ya ce, "Wallahi ban lura ba, ta dai ƙi tashi." Dattijon nan mai gammo, wanda ya koma kan baronsa yana cin gyaɗa, ya ɗago kai ya ce, "Ƙas take cewa, ɗana, sau ɗaya tak, kuma na ga fitilar cikin tana dushewa." Saurayin ya waiwaya ya dube shi, ya mayar da jakar bayansa, ya ce a buɗe masa bonet, ya kama kan batir da hannu, sai ga shi yana juyawa kamar murfin kwalba. Aka fara kiran magariba a masallacin kasuwa, na karɓi kayana na sallami yaron, na bar su yana neman sifana mai lamba goma.